Abba, Kafin Ka Fesa Niyon a Motar Mutane

Abba, wa ya gaya maka fentin niyon, mai hasken nan kamar fitila, ba ya koɗewa? Faɗa mini sunansa. Jiya na ji ka a zaure kana cika wa abokanka baki, wai idan hannu ya iya, launin nan sai dai mota ta mutu ta bar shi. A wace makaranta ka yi wannan karatun? Ni dai ban koya maka ba.

Ka ga halin nawa ko? Ko sallama ban yi ba na hau ka da faɗa. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah ya kai ka Kaduna lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen da za su so ka don Allah, ya sa wannan tafiya ta zama mabuɗin arzikinka.

Gida ɗaya muke kwana, amma na zaɓi takarda, saboda Ummanka ta ce idan na fara yi maka nasiha da baki, maƙwabta leƙowa suke yi su ga ko gobara ce. Yanzu haka ina gareji, an ɗauke wuta, kwampresar feshi ta yi shiru, na ɗora takardar a kan bonet ina rubutawa. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ban zauna a aji ba. Allo na yi, boko kuwa a jikin tsofaffin jaridun da muke rufe gilashin mota da su na tsince shi, ina harhaɗa baƙi kafin fenti ya bushe.

Kada ka ga ina zafi ka zaci ɓacin rai ne. Murna ce ta hana ni zama wuri ɗaya. Ban cika arba'in ba, ga shi ɗan cikina zai riƙe bindigar feshi a babban gareji a wani gari. Tun safe duk wanda ya shigo sai na gaya masa, har mai kawo mana kunun aya na tsare da labarin. Kuma ka fito a kan gaɓa. Tun da soja suka koma bariki, kowa yana son a gan shi. Ɗan siyasa yana son a hango motarsa tun daga nesa, ɗan kasuwa haka, yaran masu kuɗi haka. Ga wani zaɓen ya matso. Mai hannu a fenti ba zai kwana da yunwa ba a wannan zamani, in sha Allahu.

To amma ka san a kan me kake tafiya. Malam Modu, mai garejin da zai karɓe ka, ɗan Shahuci ne kafin ya koma Kaduna, kuma Babarbare ne mai magana ɗaya. Makon jiya ya zo ɗaurin aure gida, Alhaji Bala na Mandawari ya tare shi a cikin mutane ya ce, "Malam Modu, ashe ɗan Hawainiya za ka ɗauka? To ka fara tanadin haƙurin da za ka ba masu motoci." Aka yi dariya. Malam Modu bai yi ba. Da muka keɓe ya ce mini, "Sani, ni ba na sayen magana a kasuwa. Akwai wata ƙaramar mota da mai ita yake son niyon ruwan lemo. Zan ba yaron ita shi kaɗai. In ta yi kyau ta kuma riƙe, ya samu wurin zama. In ba ta riƙe ba, zan sa shi a mota ya dawo maka, ba faɗa." Ka ji. Mota ɗaya ce tsakaninka da gurbin nan. Shi ya sa zan ba ka labarin yadda aka yi ubanka ya zama Hawainiya a Yakasai. Kana yaro lokacin, gutsi-gutsi ka ji, kuma a bakin 'yan unguwa ka ji.

Shekarar da aka dawo siyasa ne. Wani mai shago a Ƙofar Ruwa ya kira ni ya ce an kawo masa wani sabon abu. Ya buɗe gwangwani. Abba, ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Ba koren ganye ba ne, ba koren tuta ba. Kore ne mai ihu. Sai ka rantse an kunna fitila a cikin gwangwanin. Na tsoma tsinke na fito da shi rana, idona har ruwa ya kawo. A nan take na ce duk Kano ni zan fara fesa wannan a jikin mota, ko da kyauta ne.

Ba a yi kwana nawa ba sai ga Alhaji Bala. Lokacin yana bayan wani mai neman shugabancin ƙaramar hukuma da ake kira Ɗan Liti, ya sayi ƙaramar bas mai launin shuɗi mai duhu don yawon kamfe. Na nuna masa tsinken nan. Ya cire tabarau ya mayar, ya ce, "Malam Sani, wannan fenti ne ko aljani?" Na ce, "Alhaji, wannan in ka shiga Mandawari da shi, makaho ma sai ya waiwayo." Ya ce in fesa, amma ranar Asabar yake son motarsa, akwai taro.

Kuskurena na farko gaggawa. Na goge jikin bas ɗin sama-sama da samfefa, na haɗa fenti da tina mai tsinka shi, na hau feshi kai tsaye a kan shuɗin nan. Ina fesawa ina jiran fitilar ta kama, ba ta kama ba. Na ƙara, na ƙara. Da na ja baya na duba, wallahi miyar kuka ce da ta kwana. Abin da ban sani ba, niyon ba shi da jiki. Kamar yadin labule yake, abin da ke bayansa shi yake nunawa. Hasken da kake gani, rana ce take ratsa shi ta daki abin da ke ƙasa ta dawo idonka. In ƙasan duhu ne, hasken ya tafi ke nan. Dole na kankare duka na koma farko.

Don haka ka ji na farko. Kada ka fesa niyon sai a kan fari, fari tas, wanda ya rufe ko'ina daidai. Ka cike duk wani lotsawa da foti, ka goge har tafin hannunka ya daina jin tudu, ka shimfiɗa farin, ka bar shi ya bushe. In akwai inda farin ya yi shara-shara, nan niyon zai tona maka asiri. Kuma shi kansa niyon ɗin siriri-siriri ake bi da shi, a bi a dawo, hannu yana tafiya daidai, a jira ya sha iska kafin a sake bi. In ka tsaya wuri ɗaya ka jibga, wurin zai fi sauran duhu, motar ta fito kamar damisa. Ka yayyafa ruwa a ƙasan garejin kafin ka fara, don kada iskar bindiga ta tayar maka da ƙasa. Sauri ya haifi nawa, ni na ga haihuwar da idona.

Da na yi farin na sake fesawa, Allahu Akbar. Abba, da ka ga bas ɗin nan ranar da na cire jaridun. Masu wucewa a kan keke suna taka birki. Wata tsohuwa ta tsaya ta sa hannu a goshi tana salati. Mai gyaran rediyon da ke kusa da mu ya bar shagonsa a buɗe ya zo ya zagaya ta yana cewa, "Sani, da batir take aiki?" Ni kuwa kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan. Har yau in na tuna ranar nan sai tsigar jikina ta tashi, kuma ina yi maka fatan irinta. Babu abin da ya kai mai sana'a ya ga mutane sun tsaya cak saboda aikin hannunsa.

A cikin wannan murnar na yi kuskure na biyu, shi ne babba. Ka san kiliya, ruwan nan marar launi da ake rufe fenti da shi a ƙarshe. Saboda na yi aikin sau biyu, kayan sun ƙare, Asabar kuma ta zo wuya. Sai na aika aka sayo mini kiliya mafi araha a kasuwa, na tsinka ta da tina, na bi da ita sau ɗaya, na ce ai sheƙi ake nema, ga sheƙi. Ban karanta jikin gwangwanin niyon ɗin ba. Turancin ya yi mini ƙanana, na ce me Bature zai koya mini a feshi. Sai daga baya, da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, na zauna da gwangwanin ina bin sa kalma-kalma, na ga ashe sun faɗa ƙarara: launin nan rana ce ajalinsa, sai an rufe shi da kiliya mai tare zafin hasken rana.

To ka buɗe kunnenka. Kiliya ba ado ba ce, garkuwa ce. Ka nemi wadda aka rubuta harafin U da V a jikinta, ita ce mai tare hasken da ke cin launi. Kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Ka karanta da kanka, kai ka yi makaranta, ba ka da uzurin da nake da shi. Ka haɗa ta yadda aka rubuta, ba yadda aljihu ya so ba, ka bi da ita ka sake bi har ta yi kauri. In kayan ba su isa ba, ka je wa Malam Modu ka ce ba su isa ba. In mai mota yana yi maka ihun lokaci, ka bar shi ya yi ihunsa. Ihun yini ɗaya ne. Koɗewa kuwa kullum motar ta fita titi sai ta ambaci sunanka. Araha ba ta ado.

Na uku bakina ne. Da Alhaji Bala ya zo ɗauka, ya zagaya bas ɗin yana shafa ta kamar sabon doki. Ya ce, "Malam Sani, ba zai dushe ba dai ko?" Maimakon in ce ban sani ba, sabon abu ne, sai na bugi ƙirji na ce, "Alhaji, jikokinka ma haka za su gan shi." A gaban direbansa Ilu da mutanen da ya zo da su na faɗa. Abin da na ji kana faɗa a zaure jiya, shi ne na faɗa a ranar, kusan kalma da kalma. Shi ya sa hankalina ya tashi.

Ka riƙe wannan da kyau: niyon yana koɗewa. Ko wa ya fesa shi, ko da wace kiliya, ya fi fenti na yau da kullum saurin tsufa. Aikinka shi ne ka jinkirta masa tsufan, ba ka yi alkawarin ba zai tsufa ba. Ka gaya wa mai mota tun kafin ka buɗe gwangwani, a gaban Malam Modu, ka ce, "Ranka ya daɗe, launin nan kamar fure yake. In ka kula da shi zai daɗe yana faranta maka, in ka sake shi a rana zai tafi, kuma ko ka kula wata rana sai an sabunta." In ya yarda, bismilla. In ya fasa, ka rasa aiki ɗaya, sunanka yana nan.

Akwai kuma tambayar da ban yi ba, wadda yanzu ita nake fara yi wa kowa: ina motar take kwana, ina take yini? Ka san lungunan cikin gari. Gidan Alhaji Bala yana can ƙurya, inda ko amalanke sai ta karkace take shiga. Bas ba ta da hanyar ƙofar gidansa. A bakin titi take zama, a fili fetal, ba rumfa ba bishiya, daga fitowar rana har faɗuwarta. In ba ta nan, tana filin taro an ɗora mata lasifika, nan ma rana. Kuma saboda Alhaji yana son ta riƙa ƙyalli, kullum sai an wanke ta da garin sabulun wanki da soson buhu, da tsakar rana, ruwan yana bushewa a jikinta. 'Yar kiliyar da na shafa ba ta ga wata biyu da idonta ba.

Saboda haka idan ka gama aiki, aikinka bai ƙare ba sai ka zaunar da mai motar da wanda zai riƙa wanke ta. Inuwa ita ce abincin niyon. In babu gareji, a yi rumfa ko ta zana ce. In babu wurin rumfa, a ɗinka mata riga ta yadi mai laushi, ba leda ba, leda tana dafa fenti. Wanki da safe ko da yamma, a inuwa, da sabulu mai sanyi da tsumma mai taushi. A riƙa shafa mata man goge mota lokaci-lokaci, shi ma wata rigar ce. In an ajiye ta ƙarƙashin darbejiya tsuntsu ya yi mata kashi, a wanke a ranar, kada ya bushe ya ci wurin. Ka faɗa, ka maimaita, har su gaji da kai.

Yanzu ga inda abin ya fashe. Bayan bas ɗin ta bar hannuna da 'yan kwanaki, Alhaji Bala ya kai ta wajen masu yanka sitika, aka yanko manyan baƙaƙe aka manna a gefen direba da bayanta: SAI ƊAN LITI. Haka ta yi ta yawo duk tsawon kamfe. Koren yana ja da baya a hankali, daga mai ihu ya koma mai tari, daga nan ya koma kamar ruwan da aka wanke latas. Saboda kullum ana ganinta, ba wanda ya lura sosai.

Aka yi zaɓe, Ɗan Liti ya sha ƙasa. Kafin a share filin ƙidaya Alhaji Bala ya sauya sheƙa. Ya shirya zuwa gidan wanda ya ci don yin barka, ya ce da Ilu ya ɓamɓare sitikun nan kafin ya gama shiri. Ilu ya ɓamɓare. Ilu da kansa ya ba ni labari, ya ce da ya cire harafin farko sai da ya yi salati. Duk inda sitika ta rufe, rana ba ta taɓa ba. Jikin bas ya koɗe fari-fari, amma ga SAI ƊAN LITI da koren nan na ranar farko, yana ci kamar wuta, ya fi sitikar ma fitowa. Na ce, "To me ya sa ba ka gaya masa ba?" Ya ce, "Malam Sani, ya fito da babbar riga yana faɗan mun makara, ya shiga ta ɗaya gefen. Ni wa ya aike ni?"

Haka suka ratsa gari. Suka tsaya a ƙofar gidan sabon shugaba, cike da 'yan barka da maroƙa. Alhaji ya sauko yana gyara hannun riga yana ɗaga wa mutane hannu. Idon kowa ya koma kan bas ɗin. Sai wani daga cikin magoya bayan mai gidan ya ce, "Alhaji, barka ka zo yi ko kamfe?" Wani ya ce, "Ku ƙyale shi, shi ya dawo, motar ce ba ta dawo ba." Aka fashe da dariya. Ilu ya ce ko zama ba su yi ba.

Daga can garejina suka yo. Alhaji ya sauko yana faɗa, mutane suka taru. Ya ce ni na yi masa, wai Ɗan Liti ne ya biya ni na rubuta sunan da wani fenti na asiri a ƙarƙashi. Na yi ƙoƙarin in nuna masa, na ce ya dubi inda lambar mota ta rufe, nan ma koren yana nan. Bai saurara ba. Ya ce, "Macuci, hawainiya, fentinka ma launi biyu gare shi." A nan ne ya kamata in yi shiru, in ce Alhaji a kawo motar in sake ta, laifin kiliya nawa ne. Da an wuce wurin. Amma ka san ubanka. Sai na ji bakina yana cewa, "Alhaji, ai fentin ya fi ka riƙon amana. Shi har yanzu yana bayan Ɗan Liti."

Gareji ya ɗauki shewa. Na ji daɗi na minti ɗaya, ba zan ɓoye maka ba. Amma dubi abin da minti ɗayan nan ya saya mini. Maganata an yi dariyarta mako guda an manta. Tasa kuwa ta zauna. Shi yana da majalisa, yana da masu cin tuwonsa, ni ina da kwampresa. Duk mai motar da ya nufo ni sai an tare shi a hanya an ce kada ka kai wa Hawainiya. Ummanka ta je gidan suna aka nuna ta da baki. Yau ga shi abin ya biyo ka har Kaduna tun ba ka hau mota ba.

To Abba, ka gaji hannuna, na gani, har ka fi ni natsuwa a kan bindiga. Ina roƙon Allah kada ka gaji harshena. Idan mai mota ya zo yana zagi, ka fara duba motar kafin ka duba fuskarsa. In da laifinka ko kaɗan ne, ka ɗauki naka tun bai gama ba, ka ce za ka gyara. In amsa mai daɗi ta zo maka baki, irin wadda za ta sa 'yan kallo su yi tafi, to ita ce za ka haɗiye. 'Yan kallo ba su kawo mota. Kuma duk wanda ka yi wa niyon, ka gaya masa sitika tana barin hotonta. A wannan zamani da mutum yake kwana a jam'iyya ɗaya ya tashi a wata, wannan gargaɗin ya fi man goge mota amfani.

Bayan abin nan ban bar niyon ba, kada ka zata. Zuciya ta hana ni. Na samo tsofaffin ƙofofin mota na fesa su, wata da farin ƙasa wata babu, wata da kiliya mai kyau wata da ta banza, na jera su a kan soron gidanmu, na rufe rabin kowace da kwali. Ka tuna Ummanka tana faɗan na hana ta wurin shanya. Daga nan na san abin da na rubuta maka a sama, ba a bakin kowa na ji ba. Wadda na yi wa aiki yadda ya kamata ita ma ta sauka, amma a hankali, da mutuncinta. Kai ma ka yi haka. Duk motar da ka fesa, ka fesa ɗan guntun ƙarfe tare da ita ka ajiye a inuwa, don ka riƙa gwadawa kana sanin gaskiyar aikinka.

Sai abu ɗaya da ba na launi ba. Ka rufe hancinka da abin rufewa na gaske duk lokacin da za ka yi feshi. Za ka ga manya a garejin suna feshi da hanci a buɗe, in sun gama su sha madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji. Na sha ta shekaru, tarin da kake ji ina yi da asuba bai san da zamanta ba. Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko fenti yana jiƙe. Ka girmama Malam Modu kamar yadda za ka girmama ni, har ma fiye, don shi ba ya ihu. Ka riƙa aiko wa Ummanka da saƙo, ta yi ta ɓoye hawaye tun shekaranjiya tana cewa hayaƙin murhu ne.

Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a hannunka da idonka. Allah ya tsare ka a tafiya da zama, ya kare ka daga mugun abokin aiki da mugun mai mota, ya sa ranar da za ka cire jaridu daga jikin motar nan mutanen Kaduna su taka birki. Ya dawo mana da kai lafiya, da sunanka mai kyau. Amin.

Na san yanzu na gama ce maka ka riƙe harshe. Kai ka riƙe. Ni akwai magana ɗaya da ta rage mini, kuma ba zagi a cikinta. Shekarun nan duk na haɗiye, saboda ni aka taɓa kuma ina da nawa laifin. Yanzu abincin ɗana aka sa wa hannu. Na aika Ilu ya gaya wa Alhaji Bala cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo majalisarsa a bakin lungu, inda bas ɗin take zama. Zan fara da kaina a gaban kowa: na yi ƙwauron kiliya, na yi alkawarin da ba nawa ba ne, na kuma yi masa rashin kunya yana babba, ina neman afuwa. In na gama, sai shi ma ya tashi, a gaban mutanen da ya tara a kaina, ya amsa da bakinsa. Wa ya manna sunan Ɗan Liti a jikin motar nan, ni ko shi? Asirin da ya ce an biya ni na yi, wa ya gani, a ina? Kuma yaron da bai taɓa riƙe masa ko tsumma ba, me ya yi masa da zai bi shi har wajen maigidansa? Ba a zaure nake son amsar ba, ba kuma ta bakin ɗan aike ba. A cikin mutane ya faɗa, a cikin mutane zai amsa.

Mahaifinka,
Sani mai fenti, Yakasai.